Wayar da Kawu Ya Ce Ya Manta

Shekaranjiya fankar ɗakina ta ƙone. Kafin in kai hannu in kashe ta, ƙaurin waya ya cika ɗakin, sai na tsinci kaina zaune bakin gado na kasa tashi. Wanda ya gan ni zai ce fankar nake jimami. Ƙaurin ne ya mai da ni Gulma, ina 'yar shekara tara, zamanin da komai namu sai an dangana da Sakkwato.

Babana direban tarakta ne. Ba tasa ba ce, ta ƙungiyar manoman garinmu ce, tsohuwa ja wadda rana ta cinye fentinta, amma a ƙofar gidanmu take kwana. Da bazara ta ja baya idon kowa yana kanta, domin fadama ba ta jiran mutum. In ba a kafce ta an watsa shinkafa kafin ruwan gulbi ya hau ba, to sai baɗi.

A wannan shekarar jar fitilar da ke gaban sitiyari ta ƙi mutuwa, batir ya daina ɗaukar caji, kullum sai an taru an tura ta kafin ta tashi. Baba ya aika wa Kawu, yayan Inna, wanda ke gyaran wutar mota a Birnin Kebbi. Dattijo ne siriri, ba shi da yawan magana, yatsunsa duk tabon ƙuna. Duk zuwan da zai yi sai ya riƙo mini alewa a aljihu.

Da hantsi ya fara aiki, ni kuwa na tsuguna kusa da shi. Bai yi gaggawar kwance komai ba. Ya fara taɓa bel ɗin da ke juya dainamo, injin da ke ba batir caji, ya ji ƙarfinsa, ya kankare kan batir. Sannan ya zare bel ɗin, ya jona wa dainamo wuta daga batir, sai ga shi yana juyawa shi kaɗai a hankali.

"Dainamo lahiya lau shike," in ji shi. "Mu dibi ɗan akwatin."

Wani baƙin akwati ne da bai fi tafin hannu ba, suna ce masa katawut, shi ke auna wutar da za ta shiga batir. Ya buɗe murfin, ya goge 'yan bakunan ƙarfen da ke ciki da takarda mai kaushi, ya hure. Daga nan ya gano wayar ƙasa, wadda ke haɗa akwatin da jikin tarakta, ta ruɓe. Ana cikin haka aka kira Baba wajen rabon mai, ya tafi ya bar mu.

Kawu ba shi da irin wayar, sai ya fere wata ya zaro silin jan ƙarfe, ya zauna ya kitsa su kamar yadda Inna ke yi mini kitso. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Tana ƙyalli a rana kamar zinariya.

"Ɗiyata, kin ga wagga? In babu ta, akwatin bai sanin batir ya ƙoshi."

Na gyaɗa kai, amma ba maganarsa nake ji ba, ƙyallin nake kallo. Ya ɗaure ta da ƙusoshi biyu, Baba ya dawo, aka tayar da tarakta, jar fitila ta mutu. Har guɗa aka yi a cikin gida. Da la'asar Kawu ya hau mota ya koma.

Duk ƙawayena suna da warwaro, ni ba ni da shi. Washegari, lokacin da maza suka tafi masallacin Juma'a, na ɗauki wuƙar yankan kuɓewa na kwance ƙusoshin nan biyu. A raina na ce tarakta mai girma haka, me za ta rasa don ɗan wannan? Na naɗa wayar a hannu, na ce wa Inna tsinta na yi.

Kwana biyu Baba yana aiki a fadama. Rana ta uku batir ya tafasa yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, allurar caji ta kwanta can ƙarshe, dainamo ya yi hayaƙi. Da shanu aka jawo ta gida. Ƙaurin nan ya kwana uku a rigar Baba.

Aka sake kiran Kawu. Wannan karon ƙofar gida cike take da masu gonakin da ba a kai kansu ba. Ya duba dainamon da ya ƙone, ya kai hannu bayan akwatin, sai ya tsaya. Daidai lokacin Inna ta aiko ni da kwanon ruwa. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya dubi wuyan hannuna, ya dubi fuskata, ya karɓi ruwan ya sha.

Baba mutum ne mai zafin zuciya, kuma hannunsa yana da nauyi, Kawu ya san haka. A gaban jama'a Baba ya ce, "Yaya, kai munka amince ma. Mi ka yi muna haka?"

Kawu ya ajiye kwanon. "Ni ad da laihi. Na mance ban ɗaura wayar ƙasa ba. Ku yi haƙuri."

Wani daga cikin mutanen ya ce tsufa ya kama shi. Baba ya faɗi abin da ya fi wannan ɗaci, ba zan maimaita ba. Kawu bai ma tsaya cin tuwon da ƙanwarsa ta tuƙa masa ba. Ni kuwa na ruga bakin gulbi na jefa warwaron, ina zaton shi ke nan.

Sai da aka yi mako uku kafin a samo wani dainamo daga Sakkwato, ya iso ruwa ya riga ya shiga fadama. Wasu sun kafce abin da suka iya da hannu, wasu gidajen ba su ga shinkafa ba a shekarar. Labari ya kai Argungu da Birnin Kebbi cewa dattijon ya fara mantuwa, masu motoci suka janye daga rumfarsa ɗaya bayan ɗaya. Bai sake taka gidanmu ba sai ranar aurena. A ranar ma na samu damar magana, mu biyu a zaure. Ya sa mini albarka, na buɗe baki, na rufe.

Bayan rasuwarsa da shekara biyu na gaya wa Baba, lokacin shi ma ƙarfinsa ya ƙare. Na zaci zai yi faɗa. Sai kawai ya ce, "Da kin hwaɗa min tun yana da rai, da na tahi na durƙusa mai."

Yanzu in wutar mota ta lalace, ba mai buɗe akwati ya duba ciki, cirewa ake a jefar a sa sabo. Rumfar Kawu ma an rushe ta, shagon sayar da wayar hannu ne a wurin. A Gulma saura tsofaffi biyu ko uku da suka san shi, kuma har yau in an ambace shi cewa suke, ai shi ne wanda ya ƙona tarakta. Na bi su gida-gida bara na gaya musu gaskiya. Suka ce Allah Sarki, yarinta ce. Ni suka yafe wa nan take. Shi kuwa shekara ashirin ya yi yana ɗauke da abin, ba wanda ya ce masa ko sannu.