Ranar da Ci Gaba Ya Shigo Gonarmu

Ranar Talata ce, gero ya fara fitar da kai. Na tashi da asuba na daka fura. Maigidana Malam Sale ya ɗauki fartanya ya tafi gona. Gonar gado ce, a bayan ƙauyenmu can ƙasar Gwiwa. Ita muke ci, ba mu da wata.

Tun bara wasu suka zo da abin awo, suka kakkafa turaku masu jan fenti. Mai unguwa ya ce gwamnati za ta kawo ci gaba. Mu kuwa titi muka daɗe muna roƙo, sai muka ɗauka titi ne. Babu wanda ya gaya mana an ba wani kamfani ƙasar.

Da hantsi muka ji rugugin katafila. Wallahi har guɗa muka yi. Na dama fura a ƙwarya, na rufe da faifai, na ce bari in kai wa baƙi.

Ina isowa na ga ba hanya take bi ba. Ta tuge gambar iyaka, ta shiga cikin gero. A bayanta ga masu kaki da bindigogi. Malam ya tsaya a gabanta ya ɗaga hannu. Direban ya taka birki. Sai wani mai babbar riga ya daka masa tsawa: "Ci gaba!"

Ya ci gaba.

Ban yi ihu ba. Ƙwaryar tana hannuna, ko ɗigo ban zubar ba. Aka harba barkonon tsohuwa, sai ƙarar bindiga. "A watse! A watse!" Isa, ƙanen Malam, ya kutsa cikin hayaƙin ya jawo shi daga ƙarƙashin katafilar. Daga ƙugu zuwa ƙasa ban kalla ba.

Muka ɗora shi a babur, Isa a gaba, ni a baya ina rungume da shi. An tare hanyar Gwiwa, muka bi daji muka nufi asibitin Roni. Yara na bar wa maƙwabciya. Malam yana nishi a hankali. Ana kiran azahar a wani ƙauye na ji ya yi nauyi. Ban gaya wa Isa ba. Na bar shi yana ta gudu, yana cewa, "Yaya, mun kusa."

A Roni aka binne shi, cikin mutanen da bai sani ba. Mun so kai shi kusa da mahaifinsa. Kafin la'asar an riga an ja waya, ta zagaye gonar, ta haɗa har da maƙabartarmu.