Ajiyar da Na Bari a Sabon Gari

Shekarar da malaman jami'a suka yi dogon yajin aiki, Samaru ta yi tsit. Ni mai wanki da guga ne, ɗalibai ne ke kawo mini kaya. Da suka watse, sai na saki ɗakunan da nake haya, ni da 'yata muka koma ɗaki guda a Bomo. Kayan marigayiya matata ba su sami wuri ba, kuma su nake so in miƙa wa yarinyar ranar da za ta yi nata gidan.

Akwai wani dattijo Ibo mai sayar da kwanuka a Sabon Gari, majami'armu ɗaya. Ya ce in kawo su ɗakin ajiyarsa da ke bayan shago. Ba mu rubuta komai ba, lokacin ma ban fara zuwa ajin manya na koyon karatu da rubutu ba. Ya nuna mini kusurwa, na jera, ya sa kwaɗo.

Duk Asabar in na shiga kasuwa sayen sabulu da sitaci, sai in zauna wurinsa. Yana da talabijin a kan kanta, da wani shiri da ba ya wuce shi. Turawa ne ke taruwa a ƙofar ɗakin ajiyar da mai shi ya yi watsi da shi. A yanke kwaɗo, kowa ya leƙa daga bakin ƙofa, ba a shiga, ba a taɓa komai. Sai a yi ta tayi, wanda ya fi ya kwashe duka. Shi ke fassara mini Turancin.

"Dubi mai tumbin nan," in ji shi. "Ya sayi katifa mai kuɗin cizo yana murna."

"Baba, ai akwai akwati a baya."

"Kai in ka ga akwati sai ka sayar da dutsen gugarka. Tsumma ne a ciki."

Ranar da na ci gardama, lemo yake saya mini yana ƙunƙuni.

Da damina ya rasu. Na je gaisuwa gidansa a Muchia. 'Ya'yansa sun zo daga kudu, ban san ko ɗaya ba. Na zauna, aka yi addu'a, na tashi. Maganar kayan ta zo mini baki, na haɗiye. A wurinmu ba a shiga gidan makoki da zancen ajiya. Sai hawaye sun bushe, mutum ya ɗauki wani babba su je su yi bayani. Na ɗauka haka kowa yake yi. Ban san cewa za su kai gawa garinsu ba, kuma babu mai dawowa ya riƙe shago.

Da na ga lokaci ya yi, na roƙi wani dattijon majami'a ya raka ni. Muka tarar ana wa shagon fenti, mai sayar da wayoyi ya kama. Matar da ke sayar da abinci a gefe ta gane ni.

"Abokin Baba, ka makara. Babban ɗan ya kira 'yan gwanjo tun kafin su tafi. Ba a ga makulli ba, fasa kwaɗon aka yi. Suka leƙa, suka yi tayi, aka loda wa ɗaya a kura. Ni na zaci duk na Baba ne."

Ta samo mini lambar ɗan, na kira. Bai yi musu ba, ya ba ni haƙuri sosai.

"Amma yallaɓai, kusa da ni ka zauna ranar nan. Me ya hana ka faɗa?"

Na ce ban ga ya dace ba. Na ji bai gane ba, ni ma ban iya ƙara bayani ba. Bai san sunan wanda ya saya ba.

Na bi layin gwanjo rumfa-rumfa, ina ɗaga zannuwan mutane. Wani ya ce irin wannan kayan ba ya kwana, ƙauye ake wucewa da shi ranar kasuwa.

Da yamma na zaunar da 'yata na faɗa mata. Ta ce in lissafa mata abin da ke ciki, domin tana ƙarama aka ɗaure su. Na lissafa: keken ɗinki ɗaya, akwatin zannuwa biyu, tukunyar da uwarta ta gada, littafin waƙoƙinta na sujada, da hoton aurenmu, wanda ba mu da wani.