Ƙwallayen Tsamiya a Kofi Biyu

Shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori, ni ke dafa wa wasu Turawa biyu abinci a barikinsu da ke bayan Talata Mafara, maigidana kuma shi ne mai gyaran wutar barikin. Ɗaya Baturen dogo ne, ɗayan gajere mai sanƙo. Kowannensu na da ɗan akwati mai batir da ke buga irin tasu darar, mai dawaki da sarakuna, akwatin ne ke tunanin inda za a tura. Na dogon baƙi, na mai sanƙo ja.

Da damina laima ta shiga jan akwatin ya mutu. Maigidana ya buɗe shi, ya goge, ya liƙa wata waya, akwatin ya tashi. Ran Lahadi bayan abincin rana suka haɗa akwatunan karo a baranda, abin da wannan ya buga sai su danna wa wancan. Wasa uku, baƙin ya cinye duka.

Mai sanƙo ya kira maigidana, da guntuwar Hausarsa ya ce shi ya lalata wa akwatin ƙwaƙwalwa, ƙarshen wata ya nemi wani aiki. Gonarmu ta Maradun ruwan dam ɗin ya riga ya shanye ta. In aikin nan ya tafi, ba mu da wurin komawa.

Ina riƙe da tire na ce, "Ranka ya daɗe, wasa uku ba ya nuna gwani."

Maigidana ya ce, "Ke, koma madafa. Mi kika sani ga wannan?"

"Malam, ban san karatu ba, amma ina da ido. Duk ukun wa yaf fara?"

Baƙin akwatin ne ya fara duka ukun. Dogon ya saba ɗaukar fararen 'ya'ya, kuma a darar tasu farare ke fara tafiya. Ni kuwa a Dakko na tashi, ubana ɗan dara ne. Na sha ganin baƙo ya cinye shi sau uku ran kasuwa, ya yi ta fankama, sa'annan ya yi wata bai ƙara ci ba. A can ba a kiran mutum gwani sai rani ya ƙare, kuma in ka fara yau, gobe abokin wasanka ke farawa.

Dogon ya yi dariya ya ce a yi yadda Mama ta ce. Ya tabbata akwatinsa ba ya faɗuwa.

Na kawo kofi biyu na shayi da ƙwallayen tsamiya. Kullum da la'asar a yi wasa biyu, kowane akwati ya fara sau ɗaya. Wanda ya ci in jefa masa ƙwallo. In an yi kunnen doki ba wanda ya samu.

Makon farko baƙin na gaba. Maigidana ya daina cin tuwo, ya ce na ƙara masa kunya kan kunya. Mako na biyu jan ya ci huɗu a jere. Mai sanƙo ya miƙe yana tafi, ya ce a tsaya nan, gaskiya ta fito.

Na ce, "A'a. Da aka ci naka sau uku ban yarda ba, naka huɗun ma ban yarda ba. Sai wata ya ƙare."

Ya dube ni, ya koma ya zauna.

Ranar ƙarshe na juye kofunan a kan tebur, na jera ƙwallayen biyu-biyu, na wannan gefen na wancan. Ƙwallo ɗaya ya rage ba abokin zama, kuma na jan akwati ne. Mai sanƙo ya buɗe baki zai yi wa dogon tsiya, na ce ƙwallo ɗaya ma ba gwaninta ba ne, ƙarfinsu ɗaya. Abin da dai ya tabbata, akwatin da aka lalata wa ƙwaƙwalwa ba ya yin haka.

Mai sanƙo ya miƙa wa maigidana hannu. Malam ya ci gaba da aikinsa har Turawan suka tattara suka tafi.

Daren da na juye kofunan ya ci tuwo malmala biyu. Da ya wanke hannu ya tambaye ni ko na zubar da ƙwallayen. Na ce suna nan cikin kofinsu, ko wani zai sake yin gaggawar yanke hukunci.