Madatsar da na gina a bakin garkata

Ni mutumin Dogon Dutsi ne. A wurinmu, in ka ga ruwa yana gudu ka ƙyale shi ya wuce, to kai sakarai ne. Da wannan tunani na zo Yamai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ba da daɗewa da samun ƴancin kai ba.

Na sami garka a bakin wata ƙorama da ke faɗawa kogin Isa. Na tara duwatsu, na sayo siminti a Babbar Kasuwa, na datse ƙoramar tsaf. Da rani ruwa ya tsaya, salati da tumatir suka yi kyau. Har girman kai na fara.

Akwai wani tsohon masunci Bakabe da ke ciyar da gidansa da kifin wurin. Ya zo ya ce mini idan ruwan damina ya sauka, tarwaɗa kan hau ƙoramar ta je fadama ta zuba ƙwai, ni kuwa na rufe mata hanya. Sau uku yana zuwa. Na ukun na fatattake shi, na ce kifin da ke da kogi guda ba zai rasa wurin haihuwa ba. Wai ni mai ilimi!

Ruwan farko na sauka, tarwaɗa ta cika gindin madatsar, tana tsalle tana dukan siminti. Mutane suka yi ta kwasa da kwanduna, ni ma na kai gida. Matata, ƴar Maraɗi, ungozoma ce a asibiti. Ta zauna tana feɗewa, duk wadda ta tsaga cike take da ƙwai, har kwano ya cika. Sai ta ajiye wuƙar.

"Maigida, masu ciki ka tare wa hanya," in ji ta. "Ba zan dafa ba."

Kunya ta kama ni, kunyar kuma ta ba ni haushi. Kwana biyu ina kumbure-kumbure, sannan na ari guduma na fasa madatsar da hannuna. Garkar ta bushe ƙamas a ranin nan.

Sai a damina ta biyu tarwaɗa ta sake hawa sosai. Na je bakin kogi in gaya wa tsohon. Masunta suka ce ai tun bara ya sayar da jirginsa, ya kwashe iyalinsa, babu wanda ya san inda ya nufa.