Ƙarfen da ba ya shan ruwa

Shekarar da aka ɗauke ni koyarwa a wata firamare da ke bayan garin Batsari, ba yara ne suka fi ba ni wahala ba, kekena ne. Shan inna ya shanye mini ƙafafu tun ina ƙarama, don haka da hannu nake tuƙa keken guragu. Yayana mai walda ne ya ƙera shi da bututun baƙin ƙarfe, irin na ƙofa da gado. Ƙarfi kam akwai, amma nauyinsa sai ka ce buhun gero nake ja. Ga tudu mai rairayi gab da makarantar. Kullum sai an buga ƙararrawa nake isa, sharkaf da gumi. Hedimasta ya ja mini kunne sau biyu, na uku ya ce in hanyar ta fi ƙarfina zai nemi a kawo wata. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ƙi cin abinci ranar.

Yaya ya je Katsina ya dawo da gangar jikin wani keken tsere na gwanjo. Bututunsa siriri ne, in ka ƙwanƙwasa sai ya yi ƙara kamar kwano. Wanda ya ba shi ya ce sunan ƙarfen kuromoli, ya fi baƙin ƙarfe ƙarfi, shi ya sa ake yin sa ba kauri. Yaya ya yanka ya haɗa, yana gama kowace walda sai ya ɗauki buta ya watsa mata ruwa, ta yi cuu, kamar yadda kowane mai walda a garinmu yake yi don ya samu ya kama da hannu.

Kwana uku na yi ina tafiya kamar iska. A na huɗu gaban keken ya tsage daidai bakin waldar, na tsinci kaina a ƙasa kusa da masu tallar ƙosai. Kunya ta fi ciwon. Yaya ya ce ƙarfen jabu ne, a koma wa baƙin ƙarfen da aka sani. Ni kuwa na ɗanɗana sauƙi, na kafe.

Akwai wani dattijo da rashin tsaro ya taso daga Runka, yana zama a inuwar shagon Yaya. Ashe ya taɓa aikin ƙera wa motoci keji na bututu a Kaduna. Ya juya tsagaggen bututun a hannunsa, ya dubi butar.

"Kai ka kashe shi, ɗana. Baƙin ƙarfe yana haƙuri da ruwa, wannan ba ya sha. Ka ɗumama shi kafin wuta, in ka gama ka binne shi cikin toka mai zafi ya huce don kansa."

Yaya mutum ne mai gardama, amma ba ya musu da furfura. Ni na je wajen mai ƙosai na roƙo tokar murhunta, Yaya ya sake waldar ya binne ta a ciki. Dattijon ya kuma ce kujera da matakin ƙafa a bar su na baƙin ƙarfe, domin ko a ƙauye suka karye kowa zai iya gyarawa. Wunin nan Yaya bai taɓa buta ba sai don alwala, ya yi ta zagaye tulin tokar hannunsa na ƙaiƙayi, ina yi masa dariya.

Ranar Litinin na hau tudun ba tare da na tsaya hutu ba. Na tarar da hedimasta yana laluben makulli a aljihunsa, ƙofa a rufe, ba kowa a filin.

"Malama, lafiya dai?"

Na ce lafiya lau, buɗewa nake jira.