Levi Mai Zanen Duvu Daga Nesa

Levi bai taɓa yarda a kira shi mai rubutun allon shago ba, ko da yake da shi yake cin tuwo a kasuwar Mubi. Shi mai zane ne. Abin ya faro daga wata tsohuwar kalanda da ya gani a ofishin fasto tun yana saurayi, mai hoton wani ƙauye a ƙasar Holan da aka zana da tawada da ruwa. Sararin sama ya cinye rabin takarda, ga shanu, ga bukkoki, mutane kuwa ɗigo-ɗigo can nesa kamar kashin ƙuda. Daga ranar Levi ya gama sanin yadda ake kallon ƙauye.

Duk Asabar sai ya hau acaɓa zuwa Duvu, garin da aka binne cibiyarsa, ya wuce gidajen dangi ya ɗare kan dutse. A can yake dama tawadarsa yana yamutsa fuska. Idan yayarsa Salome, wadda yake kira Adda, ta aiko ya sauko ya ci abinci, sai ya ce haske zai gudu. Rufin kwano kuma ba ya zana shi, wai yana ɓata ƙauye. Kwanon da mijinta Ezekiya ya yi damina bayan damina yana noman gyaɗa kafin ya kafa, Levi da lasa ɗaya ta burushi ya mayar da shi ciyawa. Malaman makaranta na yabawa, shi kuma kansa na ƙara kumbura.

Da 'yan bindiga suka shiga Mubi a shekarar 2014, kowa ya yi ta kansa. Ezekiya bai dawo daga gudun ba, gidansu na Duvu kuma an ƙone shi ƙurmus. Bayan an koma Salome ta zo shagon ƙanenta, ta rame har Levi ya sunkuyar da kai.

"Ba ni da hoto ko ɗaya," in ji ta. "Jikoki suna tambaya gidan kaka yaya yake. Ka ba ni wanda ka zana."

Ya baje mata takardu da alfahari. Ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya kan wata bukka mai rufin ciyawa da ɗigo biyu a gabanta.

"Wannan gidan wane matsiyaci ne?"

"Naki ne, Adda. Daga nesa haka yake."

"To zana mini shi daga kusa. Ina zaune, ba na sauri."

Levi ya ɗauko farar takarda, ya tsoma burushi, sai hannunsa ya tsaya cak. Kunya ta rufe shi har wuya. Tawada ta ɗiga a takardar, ta bazu.

"Adda," ya ce a hankali, "ƙofar gidan, gabas take kallo ko yamma?"

Salome ta miƙe. Sannan ta gyara ɗaurin zanenta, ta fita ba sallama.