Hannun Fasasi a Kaset

Shekara talatin Fasasi ya yi yana sayar da kwaɗo da yankan makulli a bakin kasuwar atamfa a Abeokuta. Rabin shagunan layin da kwaɗonsa ake kulle su. Mutum ne mara magana. In ka gaishe shi, guduma yake ɗaga maka.

A 1993 ɗan ƙanwarsa Kolade ya aro kyamara zai yi fim na ɓarayi. Ba shi da halin ɗaukar 'yan wasa, sai ya sa kawunsa ya fito a ɓarawo. Magana biyu kacal aka ba Fasasi, ya kasa faɗin ko ɗaya.

"Kawu, bar maganar nan, kana cinye mini kaset," in ji Kolade. "Ka dai taɓa kwaɗon kamar kana buɗewa, sai mu yanke."

"Kamar? Ni ban iya kamar ba."

Ba su da fitila, don haka da rana tsaka aka ɗauki satar. Fasasi ya lanƙwasa guntun waya, ya zura, ya murɗa, kwaɗo ya buɗe. Kolade ya yi tsalle, ya matso da kyamara dab da yatsun kawun, ya ce a sake. Ya sake, a hankali.

Fim ɗin bai yi kyau ba. Gashin bakin ɗan sanda yana ɓallewa, gawa tana numfashi. Amma hannun Fasasi kowa ya yaba, samari a gidajen kallo har roƙo suke a mayar da wurin baya. Abin ya yi masa daɗi, ya sayi sabuwar hula.

Cikin wata biyu aka kwashe shago huɗu a layin ba tare da an fasa ƙofa ba. Na biyar na Iya Morufu ne, wadda ta daɗe tana aiko masa da tuwon amala kullum da rana. Ta zo ta ajiye kwaɗonta a teburinsa.

"Sannu, babban ɗan wasa. Duba mini shi, ko ƙwarzane babu. Ɗalibanka sun iya aiki."

Ya kasa ɗaga ido. Bai ba ta haƙuri ba, don bai ga abin da haƙuri zai dawo mata da shi ba. Ya ɗauki kayan aikinsa ya bi shagunan ɗaya bayan ɗaya, yana sa musu sakata mai murfin ƙarfe, kyauta. Iya Morufu ta bari ya gama nata, ta ce, "An gode, Baba."

Washegari ya tarar da wani maƙeri daga wata unguwa yana cire sakatar shagon Iya Morufu, ita kuma tana tsaye a kansa.

Makon nan Fasasi ya kwashe teburinsa ya koma bakin tasha. Can ya ƙarasa aikinsa, yana yanka wa matafiya makulli har idonsa ya daina gani sosai. In wani ya ce kamar ya san fuskarsa, sai ya ce masu kama da shi suna da yawa.